Ƙaramin Kamfanin Haƙar Zinari: Ribarsa, Sayayyarsa da Hakkin Masu Jari



GABATARWA

A unguwar Hubbare ta nan birnin Sakkwato, inda kabarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake tun rasuwarsa cikin 1817, da kuma unguwannin da ke kewaye da ita, an gaji karatun Risala da Muhtasar a zaure kaka da kakanni. A cikin waɗannan littattafai akwai babin ciniki, da babin ƙiradi, da hukuncin ma'adinai, waɗanda almajiri kan karanta ya wuce, yana zaton masu dukiya kaɗai suka shafa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa bai ɗauki neman abinci ƙaramin al'amari ba, don kuwa littafi guda ya wallafa a kan hukunce-hukuncen sana'a, watau Tanbihus Sahibi ala Ahkamil Makasibi.

Waɗannan babobi sun zama abin bukata a yau. Farashin oza guda ta zinari, wadda nauyinta giram 31 ne da ɗan ɗoriya, ya haura dalar Amurka 2,000 cikin Agusta 2020, ya haura 3,000 cikin Maris 2025, ya kuma haura 4,000 cikin Oktoba 2025. Duk lokacin da farashi ya yi irin wannan tashi, maganar zinari takan shiga ofisoshi da kasuwanni. Sai a sami ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, ko ɗan kasuwar da ya tara ɗan abin hannunsa, a nuna masa takarda mai hatimi, a ce ga kamfani ya sami lasin a ƙasar Anka ko Yawuri, ya zo ya sa hannun jari tun ba a rufe ba.

Tambayoyi biyu ne ke damun masu jari a ko'ina cikin duniya game da irin wannan ƙaramin kamfani. Ta farko, shin abin da yake kira riba, riba ce ta gaskiya? Ta biyu, in ya ce zai sayi wani fili ko wani kamfani, da kuɗin wa zai saya, kuma wa zai amfana? Wannan lacca za ta dubi tambayoyin biyu ta hanyar kamfanoni na haƙiƙa, ɗaya a Nijeriya, ɗaya a Jamhuriyar Nijar.

ZINARI A TSOHON LARDIN SAKKWATO

Kafin zuwan Turawa, zinarin da ake gani a kasuwannin ƙasar Hausa yawancinsa fatake ne ke kawowa, musamman ta hanyar Gwanja tare da goro, ana auna shi da miskali. Miskali 20, kimanin giram 85 ke nan, shi ne nisabin zakka. Haƙar zinari irin ta kamfani kuwa ta fara a Nijeriya ne wajejen 1913, amma ba ta bunƙasa ba sai bayan da Ingila ta raba fam ɗinta da ma'aunin zinari cikin Satumba 1931, Amurka kuma ta ɗaga farashin oza daga dala 20.67 zuwa dala 35 cikin Janairu 1934. Nan da nan masu neman arziki suka bazu cikin dazuzzukan Maru da Anka da Bin Yawuri, waɗanda duk a Lardin Sakkwato suke a wancan zamani, da kuma Birnin Gwari da ƙasar Minna. Yawancinsu masu ƙaramin jari ne, aikinsu wanke yashin rafi da bin jijiyar dutsen da ke kusa da doron ƙasa.

Wannan bunƙasa ba ta daɗe ba. Da abin da ke sama ya ƙare, bin jijiya zuwa ƙasa na bukatar injuna da jarin da ba su da shi. Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya zo, Gwamnatin mulkin mallaka ta karkatar da ma'aikata zuwa haƙar kuza a Jos, har da aikin tilas daga 1942 zuwa 1944. Aka bar ramuka suka cika da ruwa. An kafa Kamfanin Haƙar Ma'adinai na Nijeriya cikin 1972, ya yi binciken zinari a wurare da dama, amma hankalin ƙasa ya riga ya koma kan man fetur. Abin lura a wannan tarihi shi ne, zinarin bai ƙare a ƙasar Zamfara da Yawuri ba. Abin da ya ƙare shi ne zinarin da ƙaramin jari ke iya ɗebowa da riba. Bambancin waɗannan abubuwa biyu shi ne tushen dukkan maganar.

YADDA AKE AUNA RIBAR RAMI

Zinari ba ya zuwa a dunƙule kamar yadda jama'a ke zato. A warwatse yake cikin dutse, ana lissafa shi da giram nawa ke cikin tan guda. Dutsen da ke da giram 4 a tan, sai an fasa an niƙa kusan tan 8 kafin a sami oza ɗaya. Wanda ke da giram 1.5 kuwa sai an niƙa kusan tan 21. Bugu da ƙari, kafin a kai ga dutsen mai zinari dole a kwashe dutsen banza da ke bisansa, kuma gwargwadon zurfin rami gwargwadon yawan abin kwashewa. Man injuna, da nakiyar fasa dutse, da magungunan tacewa, da albashi, da kason Gwamnati, da gyaran kayan aiki, duk in aka haɗa su aka raba da yawan ozojin da aka samu, shi ne ake kira cikakken kuɗin samar da oza. Ribar kamfani ita ce tazarar da ke tsakanin wannan adadi da farashin kasuwa.

A ƙaddara kamfani na kashe dala 1,200 kafin ya sami oza, yana sayarwa dala 1,600. Ribarsa 400 ke nan. In farashi ya sauka da kashi 25 cikin ɗari, ya koma 1,200, ribar ba kashi 25 za ta ragu ba, gaba ɗaya za ta tafi. Irin wannan ne ya auku cikin 2013, sa'ad da farashi ya buɗe shekara a wajen dala 1,670 ya rufe ta a wajen 1,200. Babban kamfani mai ramuka goma yana iya rufe masu tsada ya rayu da masu araha. Ƙaramin kamfani mai rami ɗaya ba shi da wannan mafita: injin niƙa ɗaya ya lalace, ko damina ta cika rami, ko jijiya ta sirance, sai kuɗin shigarsa duka su tsaya, bashin banki kuwa ba ya tsayawa.

Akwai kuma bambanci tsakanin ajiyar da aka yi hasashe da ajiyar da aka tabbatar. Ta farko ƙiyasi ce daga 'yan ramukan gwaji. Ta biyu ita ce wadda aka huda ƙasa kusa da kusa, aka auna samfuri, masana masu zaman kansu suka sa hannu cewa za a iya haƙo ta da riba. Duniya ta koyi wannan bambanci da tsada. Cikin 1997 aka gano cewa kamfanin Bre-X na Kanada, wanda ya yi shelar samun gagarumin zinari a Busang ta ƙasar Indunusiya, barbaɗa zinari ake yi cikin samfurin dutsensa kafin a kai awo. Biliyoyin daloli na masu jari suka salwanta, har da kuɗin fanshon ma'aikata. Bayan haka ne Kanada ta kafa doka mai tsanani kan yadda kamfani zai bayyana ajiyarsa, ta fara aiki cikin 2001.

Malaman fiƙihu sun riga sun hango wannan matsala. An ruwaito cewa Imamu Malik ya halatta sayar da turɓayar ma'adini, muddin ba da jinsin abin da ke cikinta za a biya ba, amma ya hana sayar da sharar maƙeran zinari. Dalilin da malamai suka bayar shi ne, ta farko masana na iya dubawa su ƙiyasta abin da ke ciki, ta biyu kuwa ba mai iya sanin ko akwai ko babu. Ma'aunin dai shi ne, ana iya kimanta abin saye ko ba a iyawa. Hannun jarin kamfanin da ba shi da rahoton masana, hukuncinsa a hankalce ya fi kusa da sharar maƙera. Shi ne Bahaushe ke kira cinikin biri a sama.

RIBA KO UWAR KUƊI

A babin ƙiradi, inda mutum ke ba wani dukiya ya juya su raba riba, ƙa'ida ita ce ba a kiran wani abu riba sai uwar kuɗi ta dawo cikakkiya. Wannan ƙa'ida ta fi kama mai rami fiye da kowane mai sana'a. Manomi in ya girbe bana, gonarsa na nan, baɗi zai sake shuka. Kamfanin Siminti na Arewa da aka kafa a Kalambaina cikin 1962, ya fara aiki cikin 1967, ya shekara fiye da hamsin yana cin dutsen farar ƙasa a wuri guda, domin shimfiɗar dutsen mai faɗi ce. Jijiyar zinari kuwa siririya ce, kowace ozar da aka sayar ta fita daga dukiyar kamfani ke nan har abada. Saboda haka kuɗin da ke shigowa kowace shekara gauraye suke: wani sashe riba ne, wani sashe kuwa jarin da aka binne ne yake dawowa. Wanda ya karɓi rabon shekara biyar ya cinye, ran da rami ya ƙare sai ya iske takardar hannun jarinsa ba ta da abin da ta dogara a kai.

Daga nan tambaya ta biyu ke fitowa. Shugabannin kamfani sun san ranar ƙarewar raminsu tun ranar buɗe shi. Hanyoyi uku ne a gabansu: ko su raba abin da aka samu su rufe, ko su kashe kuɗi wajen neman sabuwar jijiya a filinsu, ko su sayi filin wani. Ta farko ba kasafai suke sonta ba, domin rufe kamfani rufe albashinsu ne. A nan ne bukatar mai dukiya da ta mai juya ta ke iya rabuwa.

MISALIN SEGILOLA

Kamfanin da ya fi dacewa a yi nazari a Nijeriya shi ne Thor Explorations, wanda ake cinikin hannayen jarinsa a kasuwar ƙananan kamfanoni ta Kanada, da kuma ta Landan tun daga 2021. Raminsa na Segilola yana kusa da Iperindo, a ƙasar Ilesha ta Jihar Oshun. An san wannan jijiya tun zamanin Turawa, Kamfanin Haƙar Ma'adinai na Nijeriya ya bincike ta, ta bi ta hannuwa da dama har da shari'a tsakanin masu ita, sa'an nan Thor ya saye ta cikin Agusta 2016. Lokacin nan shi kansa ƙaramin kamfanin bincike ne wanda bai taɓa sayar da oza ɗaya ba, kuma babban sashe na abin da ya biya sababbin hannayen jari ne.

Sayen fili daban, gina masana'anta daban. Sai cikin 2019 Hukumar Africa Finance Corporation mai hedkwata a Ikko ta amince da shirin kuɗi na dala miliyan 78. Miliyan 54 daga ciki bashi ne, saura kuwa hannun jari ne da kuɗin sayen wani kaso na zinarin tun kafin a haƙo shi, kamar manomin da ya karɓi kuɗin amfanin gonarsa tun da bazara. Kamfanin Norinco na ƙasar Sin ya yi ginin, aka narka zinarin farko cikin Yuli 2021. Shekara biyar ke nan masu jari na jira, ba su karɓi ko anini ba.

Cikin 2022 ramin ya ba da kimanin oza 98,000. Cikin 2023 ya sauko zuwa kimanin 85,000, ƙasa da abin da aka yi alkawari a farkon shekara, kuɗin samar da oza kuma ya hau, saboda aikin faɗaɗa bangon rami. Hankalin masu jari ya tashi. A cikin wannan shekara kuma kamfanin ya fara neman filayen wani ma'adini dabam, watau litiyom, aka shiga tambaya ko wannan ba raba hankali ba ne alhali ga bashi a wuya. Cikin 2024 al'amari ya juya: farashin zinari ya hau, kuɗin samar da oza ya faɗo ƙasa da dala 1,000, kamfanin ya gama biyan babban bashinsa a ƙarshen shekara, cikin Afrilu 2025 kuma ya ba da sanarwar rabon riba karo na farko. Ya kamata mai nazari ya lura cewa wani sashe na wannan sauƙi ba daga ƙwazon kowa ya zo ba. Faɗuwar darajar Naira cikin 2023 da 2024 ta rage nauyin albashi da sauran abin da ake biya da Naira, alhali zinari da dala ake sayar da shi. Abin da ya ƙuntata wa ma'aikacin Gwamnati, shi ya yalwata wa mai rami.

Amma lissafin ƙarewa na nan. Tabbatacciyar ajiyar da aka bayyana cikin 2021 oza dubu 500 ce da 'yan kai, a dutse mai kimanin giram 4 a tan. In aka raba ta da abin da ake ɗiba kowace shekara, ba ta kai shekara shida ba. Wannan ne ya sa kamfanin ya dukufa huda ƙarƙashin ramin don neman ci gaban jijiya, ya sayi filin Guitry a Kwaddibuwa daga hannun Endeavour Mining cikin 2024, ya kuma ƙulla yarjejeniya cikin 2025 don mallakar ragowar kashi 30 na filin Douta a Sanagal, inda tun da yake da kashi 70. Dutsen Douta ya fi yawa, amma zinarin da ke cikin kowane tan bai kai na Segilola ba. Saboda haka muhawarar masu jari ta koma kan abu guda: kuɗin da rami mai kyau ya haifar, nawa za a raba, nawa za a binne a ramin da ba a gwada ba?

MISALIN SAMIRA

Wani darasin kuma yana ƙetaren iyaka, a Jamhuriyar Nijar. Samira, a Jihar Tilaberi, kimanin kilomita 90 yamma da Yamai kusa da iyakar Burkina Faso, ita ce masana'antar zinari ta farko a wannan ƙasa. An buɗe ta cikin 2004 ƙarƙashin kamfanin Société des Mines du Liptako, inda Semafo da Etruscan na Kanada ke da kashi 40 kowanne, Gwamnatin Nijar na da 20. Cikin 2009 Semafo ya sayi kason Etruscan. Dutsen Samira ba shi da zinari mai yawa a tan, saboda haka da farashi ya faɗi cikin 2013 tazarar riba ta rufe, Semafo ya nemi mai saye.

Wanda ya fito shi ne Middle Island Resources, ƙaramin kamfanin bincike daga Ostareliya. Cikin Yuli 2013 aka ba da sanarwar zai karɓi kashi 80 a kan dala miliyan 1.25 kacal, tare da kashi 1.2 cikin ɗari na abin da za a riƙa sayarwa nan gaba. Masana'antar da aka kashe miliyoyi masu yawa wajen ginawa, ga ta ana bayarwa a kuɗin da bai kai na 'yan manyan motocin ɗaukar dutse ba. Arahar da ta kai haka ita kanta gargaɗi ce, domin ruwa ba ya tsami banza: mai saye zai gaji tsofaffin injuna, da hakkin ma'aikata, da nauyin gyaran ƙasa bayan rufewa, da ajiyar da ta kusa ƙarewa. Daɗin daɗawa, cinikin ya rataya ne a kan yardar Gwamnati, wadda abokiyar tarayya ce kuma mai ba da izni. Cinikin bai tabbata ba. Cikin Disamba 2013 kamfanin Gwamnatin Nijar mai kula da dukiyar ma'adinai, SOPAMIN, shi ya karɓi kason. Daga baya, cikin 2019, kamfanin McKinel Resources ya karɓi rinjayen hannun jari, cikin Agusta 2025 kuma Gwamnatin soja ta Nijar ta mai da kamfanin mallakar ƙasa, tana zargin cewa ba a cika alkawarin zuba jari ba.

In aka jera misalan biyu, za a ga dukkansu ƙananan kamfanoni ne suka nufi sayen abin da ya fi ƙarfinsu. Na farko ya sayi jijiya mai nauyi wadda ba a taɓa ba sosai, a lokacin da farashi ya fara farfaɗowa daga faɗuwar da ya yi zuwa wajen dala 1,050 cikin Disamba 2015. Na biyu ya nemi ramin da wani ya riga ya ci gara ya bar saura, a lokacin da farashi ke gangarawa. Girman kamfani bai raba su ba. Nauyin dutse, da lokacin saye, da amincin izni, su suka raba su.

DA ME AKE BIYA

Hanyoyin biyan kuɗin sayayya uku ne, kowace da inda take cizo. In da kuɗin da ke hannu aka biya, rabon ribar masu jari aka taɓa. In da bashi aka biya, mai bashi ya shiga gaban mai jari, sai ya ƙoshi tukuna. In kuwa da sababbin hannayen jari aka biya, kason kowa ya ragu ba tare da an taɓa aljihunsa ba. Alal misali, kamfani mai hannun jari 100, wani na riƙe da 10, yana da kashi 10 cikin ɗari. In aka buga sababbi 100 aka ba mai fili, nasa ya koma kashi 5. Bai yi hasara ba in abin da aka sayo ya kai darajar kamfanin duka. In bai kai ba, an cire daga dukiyarsa an ba baƙo. Mutanen Sakkwato masu hannun jari a kamfanin siminti sun ga irin wannan musanya, sa'ad da aka haɗe shi da kamfanin Kalambaina cikin 2018, sa'an nan aka shigar da shi cikin BUA Cement cikin Janairu 2020. A fiƙihun ƙiradi, mai juya dukiya in ya ƙetare sharaɗin da aka gindaya masa, ramuwa na kansa. A dokar kamfanoni kuwa makamin mai jari shi ne ƙuri'arsa a babban taro, kuma wanda bai karanta takardar taro ba ya ba da wannan makami aro.

ABIN DA BA YA CIKIN LISSAFI

Malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa al'amarin ma'adini na hannun shugaba, shi ke ba wanda ya ga dama don maslahar jama'a. Tsarin Mulkin Nijeriya, a sashe na 44, da Dokar Ma'adinai ta 2007, su ma sun danƙa dukkan ma'adinai ga Gwamnatin Tarayya. Ma'anar wannan ita ce, kamfani ba ya mallakar zinarin da ke ƙasa, izni kawai yake riƙe da shi. Iznin ma iri iri ne. Lasin bincike na shekara 3 ne, ana iya sabunta shi, kuma bai ba mai shi ikon haƙa don sayarwa ba. Lasin haƙa shi ne mai kai wa shekara 25. Da yawa daga takardun da ake nuna wa masu jari na bincike ne, hangen Dala kuwa ba shiga birni ba ne. Izni kuma ana karɓe shi: Ma'aikatar Ma'adinai ta soke lasin 1,633 cikin Nuwamba 2023 saboda rashin biyan kuɗin shekara, ta kuma soke 924 cikin Afrilu 2024 saboda an bar su ba aiki.

Sai maganar tsaro. Cikin Afrilu 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Jihar Zamfara saboda ta'adin 'yan bindiga, ba a ɗage hanin ba sai Disamba 2024. Duk wanda ya sa jari a can kafin hanin, kuɗinsa sun kwanta fiye da shekara biyar. Ko inda ake zaman lafiya ma akan sami saɓani da hukuma: a ƙarshen Satumba 2024 Gwamnatin Jihar Oshun ta rufe ofisoshin Segilola bisa zargin rashin biyan haraji, zargin da kamfanin ya musa.

Mafi nauyi duka shi ne hakkin rai. Cikin 2010 likitocin Médecins Sans Frontières suka gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya kuma Bagega, saboda gubar dalma da ke cikin dutsen zinarin da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Kamfanin da ke sayen dutse daga hannun masu haƙar gargajiya ba tare da kula da inda ake niƙa shi ba, ribarsa ta yi kyau a takarda ne domin wani ya biya sauran kuɗin da lafiyar 'ya'yansa. Mai hannun jari kuwa abokin tarayya ne cikin ribar da kuma alhakin.

KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata, mai niyyar sa jari, da ma'aikacin da aka ɗora wa ba Gwamnati shawara ko kula da asusun fansho, suna da tambayoyi shida da ya wajaba su nemi amsarsu a rubuce. Wane irin lasin ne, kuma sunan wa ke kansa a Ofishin Rajistar Ma'adinai na Abuja? Oza nawa aka tabbatar, giram nawa a tan, wane masani ya sa hannu? Nawa ake kashewa kafin a sami oza, kuma a wane farashi riba za ta ƙare? Shekara nawa suka rage wa ramin? Wa ke bin kamfani bashi, kuma an riga an sayar da wani kaso na zinarin? In za a yi sayayya, me ya sa mai abin ke son rabuwa da shi, da me za a biya, kuma akwai wata alaƙa tsakanin mai sayarwa da daraktocin kamfani?

Kamfanin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, domin amsoshinsu na cikin rahotonsa na shekara. Wanda ya amsa su da hoton dunƙulen zinari, ko da rantsuwa, ko da cewa a yi sauri kada a rasa, ya riga ya ba da amsa. Ga ɗalibai kuma, musamman masu nazarin ilmin duwatsu da lissafin kuɗi da shari'a, akwai aiki a gaba. Muddin jihohin Sakkwato da Kabi da Zamfara ba su da 'ya'yansu masu iya karanta rahoton ajiya su gane gaskiyarsa, to, wasu ne za su ci gaba da kimanta dukiyar da ke ƙarƙashin gonakinsu, su kuma yanka mata farashi.